Ku Tambaya: Ziyarar Filayen Daga da Tsohuwar Iyakar da Ta Raba Biyetnam Gida Biyu

Wasiƙun wannan wata daga Jos da Abuja sun taru a kan magana guda, wato zuwa ganin wuraren da aka gwabza yaƙi. Mun rage tsawon wasu tambayoyin. Sunayen ƙananan garuruwa mun bar su yadda ake rubuta su a can, domin direba ya gane idan aka nuna masa a takarda.

Assalamu alaikum. Wani taro zai kai ni birnin Hue a Biyetnam, kuma zan sami rarar kwana uku. Na ga ana tallan yawon yini guda zuwa wurin da ake kira DMZ. Me ake gani a can, kuma yini ɗayan ya isa?
*Malamin tarihi, Tudun Wada, Jos*

Wa alaikumus salam, Malam. Yini guda zai kai ka ya dawo da kai, amma hangen Dala za ka yi, ba shiga birni ba. Motar takan bar Hue wajen ƙarfe shida ko bakwai na safe, ta dawo bayan magariba, ta ci fiye da kilomita 300. Rabin yinin a kan kujera za ka yi shi, a kowane zango a ba ka 'yan mintoci ka ɗauki hoto, direba ya danna hon.

Haruffan nan uku suna nufin yankin da aka haramta girke soja. Bayan Faransawa sun sha kashi a Dien Bien Phu ranar 7 ga Mayu 1954, aka zauna a Janiba, a watan Yuli aka ja layin wucin gadi a kan kogin Ben Hai, ya raba ƙasar gida biyu, Arewa da Kudu. Aka ce kilomita biyar ta kowane gefe ba soja ba makami, har a yi zaɓen haɗe ƙasa a 1956. Zaɓen bai yiwu ba. Layin da aka yi wa wa'adin shekara biyu ya tsaya har 1975, kuma yankin da aka hana wa makami ya zama ɗaya daga cikin wuraren da suka fi shan bam a duk ƙasar.

Abin da masu talla ba sa faɗi shi ne wuraren suna kan hanyoyi biyu ne da suka haɗu a garin Dong Ha, kimanin kilomita 70 arewa da Hue. Hanya ta 1 tana bin gaɓar teku daga kudu zuwa arewa. Hanya ta 9 ta tashi daga Dong Ha ta yi yamma, ta hau tsaunuka har iyakar ƙasar Lawos. Don haka ka kwana biyu a Dong Ha, ka ba kowace hanya yininta, ka ɗauki shatar ƙaramar mota da ɗan jagora.

Ranar farko, tun kan hanyarka daga Hue ka tsaya a tsohuwar ganuwar Quang Tri. A nan aka yi kwana 81 ana ɗauki-ba-daɗi tsakanin sojojin Arewa da na Kudu, daga 28 ga Yuni zuwa 16 ga Satumba 1972, har garin ya koma kufai. Yanzu lambu ne mai ciyawa, da tudun tunawa a tsakiya, kuma mutanen ƙasar kallon kabari ɗaya suke yi wa filin gaba ɗaya, saboda gawarwakin da ƙasa ta haɗiye ba a tono su ba. Kusa da nan akwai cocin Long Hung da aka bari yadda yaƙi ya bar shi, bangon duk huda-huda kamar rariya. Ka leƙa kogin Thach Han da ke gefen garin: bayan faɗan 1972 nan ne iyakar zahiri ta koma, kuma ta kansa aka yi musayar fursunoni a 1973. Wannan ɗalibanka ba za su same shi a taswirar da ta nuna Ben Hai kaɗai ba.

Daga Dong Ha, kilomita ashirin da 'yan kai ne zuwa gadar Hien Luong. Kogin zai ba ka mamaki don ƙanƙantarsa. Gadar da Faransawa suka gina a 1952 mita 178 ce kacal, aka ja farin layi a tsakiyarta. Shekaru aka yi ana wani irin yaƙi a kanta wanda ba a harba harsashi. Kudu su shafa wa rabinsu fenti daban don a ga ƙasa biyu ce, Arewa su sayo irin launin su shafa wa nasu don a ga ɗaya ce, Kudu su sake canzawa. Aka yi gasar tsawon sandar tuta har ta Arewa ta haura mita 38. Aka jera manyan lasifika a gaɓa biyu ana yi wa juna habaici dare da rana. Jiragen Amurka, wadda ta mara wa Kudu baya a yaƙin, sun karya gadar a 1967. Wadda za ka taka yau sake ginawa aka yi, rabi shuɗi rabi rawaya, motoci kuma suna bin sabuwa a gefenta. Lasifikan suna nan a ajiye, wani bakinsa ya kusa tsawon mutum. Ka ba wurin awa guda, ka taka gadar da ƙafa daga wannan gaɓa zuwa waccan, ka duba agogo ka ga minti nawa ne tsakanin dangin da suka yi shekaru suna hangen juna ba halin gaisawa. Daga nan sai ramukan Vinh Moc, waɗanda amsar da ke biye ta yi bayaninsu, sannan maƙabartar Truong Son mai kaburbura fiye da 10,000 na waɗanda suka mutu a hanyar da Arewa take safarar makamai ta cikin tsaunuka.

Rana ta biyu ita ce mai buƙatar ɗan jagora na gaske, domin yawancin sansanonin Amurka na Hanya ta 9 babu abin da ya rage a cikinsu sai suna. Za a nuna maka wani dutse mai tsini, tsayinsa kimanin mita 230, inda 'yan leƙen asiri suka zauna a ƙololuwa, abinci da ruwa sai jirgi mai saukar ungulu ya kai musu. Daga bakin titi za ka gan shi, minti biyar ya isa. Gadar Dakrong ma haka. Ka ajiye lokacinka don Khe Sanh, kimanin kilomita 63 daga Dong Ha.

Mutane da yawa suna isa Khe Sanh su ce, shi ke nan? Jar ƙasa ce shimfiɗe, da gonakin kofi kewaye, da ƙaramin gidan tarihi, da jirgin dakon kaya C-130 da wasu masu saukar ungulu da tankoki a fili. Ramukan fakewa masu buhunan yashi sake yin su aka yi, jiragen ma kawo su aka yi daga baya, domin Amurkawa sun rushe sansanin da hannunsu kafin su fice a Yulin 1968. Abin kallon yana sama. Ka tsaya inda titin jirgi yake, ka juya ka dubi tsaunukan da suka yi wa filin zobe. Sojoji suna kiransu da lamba, 861 da 881, wato tsayinsu a mita. Daga 21 ga Janairu 1968 sojojin Amurka kimanin 6,000 suka yi kwana 77 a kewaye, hanya a toshe, manyan bindigogi suna lugude daga tsallaken iyakar Lawos, kayan abinci da harsashi sai ta sama, sau da yawa da laima ake jefo su. Jiragen Amurka suka zuba bam wajen tan 100,000 a kewayen. Wanda ya tsaya a wannan kwano ya ɗaga kai zai gane cikin minti ɗaya abin da ya sa duk wanda ya riƙe tsaunukan ya riƙe maƙogwaron sansanin. 'Yan kilomitoci gaba akwai Lang Vei, inda Arewa ta afka wa wani ƙaramin sansani da tankoki ranar 7 ga Fabrairu 1968.

A matsayinka na malami, ka ɗauki hoton rubutun da ke ƙarƙashin hotunan gidan tarihin. Labarin gwamnatin Hanoi ne zalla, wato ɓangaren Arewa, yadda littattafan Amurka suke ba da nasu zalla. Har gobe masana suna gardama ko Khe Sanh ce ainihin manufa, ko kuwa dabara ce ta janye hankalin Amurka daga biranen da aka kai wa farmakin sabuwar shekara a ƙarshen wannan Janairun. Kowane ɓangare ya ce shi ya yi nasara. Darasin aji guda ke nan a hannunka.

Wajen zaɓen ɗan jagora, ka yi masa tambaya ɗaya kafin ku shirya: me ya sa aka kafa sansani a Khe Sanh? Idan ya kawo maganar Hanya ta 9 da iyakar Lawos da hanyar safarar makamai, ka ɗauke shi. Idan ya ce wurin yana da kyaun hoto, ka nemi wani.

Mahaifina yana da shekara 68, ga ciwon gwiwa ga hawan jini, amma ya nace zai shiga ramukan da ake labari. Zai iya?
*Wata ma'aikaciyar jinya, Kubwa, Abuja*

'Yar'uwa, a fara tantance wane ramin Baba yake nufi, domin ana yawan haɗa guda biyu. Na Cu Chi suna kusa da birnin Ho Chi Minh, fiye da kilomita 1,000 kudu da tsohuwar iyaka. Na mayaƙa ne, a duƙe ko da rarrafe ake bin su, kuma mai ciwon gwiwa ba shi da abin nema a ciki. Na Vinh Moc, arewa da kogin Ben Hai a bakin teku, mutanen ƙauye ne suka haƙa wa kansu a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da bam ya hana su zama a doron ƙasa. Hawa uku ne, zurfin kimanin mita 12 da 15 da 23, da ƙofofi 13, bakwai daga ciki suna fita ta gefen teku. Iyalai wajen 60 suka zauna a ciki, kowane iyali da ɗan lungun da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Akwai rijiya, da zauren taro, da ɗakin haihuwa inda aka haifi jarirai 17.

Mai matsakaicin tsawo zai yi tafiya a tsaye yana ɗan sunkuyar da kai. Inda matsalar take shi ne matakala. Jar laka ce, tana da santsi saboda danshi, wasu matakan dogaye wasu gajeru, hasken ƙwan lantarki kuma ba shi da ƙarfi. Saukowa ta fi cin gwiwa, hawowa daga hawa na uku ta fi cin numfashi. Ga zafi da rashin iska idan ayari ya cika ramin.

Shawararmu: ya sha maganinsa da safe kamar kullum, ku je da wuri kafin manyan motoci su iso daga Hue, ku gaya wa ɗan jagora tun a bakin ƙofa cewa hawa na farko kawai za ku yi, ya fitar da ku ta ƙofa mafi kusa. Takalmi mai riƙe ƙasa, ban da silifa. Babbar riga da hula mai tsawo a bar su a mota, farin yadi kuwa da jar laka zai fito. Tocila ta hannu ta fi ta waya, domin hannu ɗaya yana buƙatar dafa bango. Ke ki shiga gabansa wajen sauka, ki koma bayansa wajen hawa. Idan yana da ciwon zuciya, ko kansa yana juyawa a wuri matsattse, ya haƙura da ciki. A sama akwai gidan tarihi, da ramukan da bam ya tona har yau ba su cike ba, da ƙofofin gefen teku da ake iya leƙawa daga waje.

An ce har yanzu bam yana tashi da mutane a yankin. Gaskiya ne? Kuma ina so in tsinto kwanson harsashi ko wani ƙarfe in kawo tsaraba.
*Tsohon soja, Rukuba, Jos*

Yallaɓai, gaskiya ne, kuma kai ka fi mu sanin cewa tsufan makami ba ya kashe shi. Binciken da aka yi bayan yaƙi ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙasar tsohon lardin Quang Tri, inda waɗannan wurare suke, akwai ragowar makaman da ba su fashe ba. Daga 1975 mutum fiye da 8,000 suka mutu ko suka jikkata a lardin, yawancinsu manoma da yara da masu tonon ƙarfe don sayarwa. An samu sauƙi ƙwarai a 'yan shekarun nan saboda aikin ƙungiyoyin kwance bama-bamai irin su MAG da PeaceTrees da RENEW, amma aikin bai ƙare ba.

Wanda ya fi ɓarna shi ne ƙaramin, mai girman gwaiba. Uwar bam ɗin takan buɗe a sama ta watsa ɗaruruwan 'ya'ya. Kowane ɗa yana juyawa cikin iska, juyawar ce take ɗana kunamarsa, ya bugi ƙasa ya tashi ya watsa ƙananan ƙwallayen ƙarfe. Wanda ya faɗa cikin taɓon shinkafa ko ya maƙale a reshe bai sami bugun da zai tashe shi ba, sai ya kwanta a ɗane. Shekara hamsin tsatsa tana cin jikinsa har ya yi kama da dunƙulen ƙasa, fartanya ta taɓa shi ko yaro ya jefa wa ɗan'uwansa, shi ke nan. Ambaliya kuma kowace shekara tana zaizaye ƙasa ta fito da na binne, don haka gefen rafin da ba komai bara yana iya zama da abu bana.

Wuraren da ake sayar da tikiti, da titi, da hanyar da ƙafa ta saba bi, duk an share su, dubban mutane suna bi lafiya. Baƙo yana shiga haɗari ne ta hanya uku: ya ratse cikin ciyawa don kama ruwa, ya kutsa gonar roba don neman tsohon rami, ko ya ga ƙarfe ya sa ƙafa ya ture. Ka yi fitsarinka a gidan mai ko gidan abinci. Jan allo mai hoton ƙoƙon kai, ko turaku masu jan fenti, iyaka ce. Idan ka ga abin da ba ka yarda da shi ba, ka tsaya, ka koma ta sawunka, ka gaya wa ɗan jagora. Akwai lambar da suke kira masu kwancewa su zo. Kafin ka fita filin, ka ba cibiyar baƙi ta RENEW da ke Dong Ha awa guda, inda aka jera makaman da aka kwance don ido ya san su.

Tsaraba kuwa, a bar ta. Kwanson harsashi a jaka zai tsayar da kai a na'urar filin jirgi, can ko a Doha ko a Abuja, kuma bayanin cewa tsinta ka yi ba zai gamsar da kowa ba. Lambobin wuyan soja da ake tallatawa a Khe Sanh da yawa na jabu ne. Na gasken kuma sayensu shi ke tura talaka ya koma daji da fartanya. Ka sayo kofin Khe Sanh ko barkonon Vinh Linh. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ma ka bar shi a gida: sai da izinin hukumar tsaro ake tayar da shi, balle kusa da iyaka.

Ya batun abinci da salla ga Musulmi? Kuma na ji ana miƙa wa baƙi turaren tsinke a maƙabarta.
*Wata Hajiya, Gwarinpa, Abuja*

Hajiya, masallatai da gidajen abincin halal suna manyan birane ne, kamar masallacin Al-Noor na Hanoi da babban masallacin birnin Ho Chi Minh. A Dong Ha da Hanya ta 9 ki ɗauka ɗakinki ne masallacinki. Ki lura da alƙibla: mu nan gabas muke fuskanta har kalmar ta zame mana sunan alƙibla, amma daga tsakiyar Biyetnam Makka tana yamma ne, da ɗan karkata zuwa arewa. Agogonsu yana gaban namu da awa shida, sai ki sabunta manhajar lokutan salla da zarar kin sauka.

Naman alade yana shiga inda ba a zato. Shahararriyar miyar taliyar Hue sunanta na naman shanu ne, amma da ƙashin alade ake dafa romon, har da daskararren jini a ciki. Mafita ita ce kalma ɗaya, chay, wato abincin mabiya Buda marar nama. Hue ta yi suna da irin waɗannan gidajen abinci, kuma ki nemi gidan da chay kaɗai yake yi, domin tukunya da mai ba su haɗu da nama ba. A bakin teku kusa da Vinh Moc akwai gasasshen kifi da jatan lande da farar shinkafa. Ranar Hanya ta 9 ki tafi da guzuri: burodi, dafaffen ƙwai, ayaba, dabino. Kilishi da dambun nama daga gida suna iya tsayawa a hannun jami'an kwastan, gara garin kunu da ƙuli-ƙuli.

Turaren tsinke girmama matattu ne a al'adarsu. Ba dole ba ne. Ki dafa ƙirji, ki ɗan russuna da fuska, ki koma gefe ki yi shiru. Ɗan jagora zai gane. Abin da zai ɓata musu rai shi ne dariya, da ɗaga murya, da zama a kan kabari, da ɗaukar hoton mai kuka. Yawancin waɗanda za ki tarar a Truong Son dangi ne da suka yi tafiyar yini don ganin kabarin wa ko uba.

Wane wata ya fi, kuma ya ake samun biza?
*Ɗan kasuwa, Wuse, Abuja*

Alhaji, Fabrairu zuwa Afrilu. Daga Mayu zuwa Agusta wata busasshiyar iska mai zafi tana gangarowa daga Lawos, filin Khe Sanh da gadar Hien Luong kuma ba inuwa. Daga Satumba zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne da ambaliya, Hanya ta 9 tana toshewa da zaftarewar ƙasa. Ka kuma kauce wa makon sabuwar shekararsu, wadda take faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, lokacin da tikitin jirgin ƙasa yake ƙarewa, shaguna su rufe.

Tun Agustan 2023 Biyetnam ta buɗe bizar intanet ta kwana 90 ga 'yan duk ƙasashe, kuma tana da ofishin jakadanci a nan Abuja. Ka tabbatar da ƙa'idar da ake ciki a wurinsu kafin ka biya kuɗin jirgi. Shafin gwamnati da gov.vn yake ƙarewa, saura 'yan kamasho ne. Abin da ya fi mayar da mutane baya shi ne suna ko ranar haihuwa da suka saɓa wa fasfo ko da harafi ɗaya, da rubuta filin jirgin da ba ta nan za a shiga ba. Ka nema da wata guda a hannu, ka buga takardar kwafi biyu, fasfo ya kasance da sauran wata shida, ka haɗa da katin rigakafin shawara. Daga Abuja sai an canza jirgi, galibi a Doha ko Istanbul ko Adis Ababa. Daga Hanoi jirgin ƙasa na dare yana tsayawa a Dong Ha kanta bayan kimanin awa 12. Ka riƙe dala sababbi marasa yagewa, ka canza a banki, ka kuma ƙirga sifili: takardar kuɗinsu ta dong 20,000 da ta 500,000 duk shuɗi-shuɗi ne, da dare an sha miƙa babbar a madadin ƙaramar.

Kakana ya je yaƙin Bama bai dawo ba. Wannan wurin da kuke magana nan ne?
*Wani ɗalibi, Unguwar Rogo, Jos*

Allah ya jiƙansa. A'a, ɗan'uwa, ƙasa daban ce, yaƙi daban. Bama ita ce Miyanma ta yau, kuma 'yan mazan jiyanmu sun yi faɗa da Japanawa ne a can a 1944 da 1945, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Sunayen barikokinmu ma shaida ne: Myohaung da Arakan a Legas, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya. Filayen dagar suna jihar Rakhine, inda ake yaƙi yanzu haka, don haka ba wurin zuwa ba ne.

Abin da za ka iya yi daga ɗakinka shi ne neman sunansa a shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila. Waɗanda ba a ga gawarsu ba an sassaƙa sunayensu a ginshiƙan tunawa na maƙabartar Taukkyan, arewa da Yangon, sunaye kusan 27,000. Wasu kuma an binne su a Chittagong da Maynamati a Bangaladash. Wahalar ita ce Turawa sun rubuta mutanenmu da sunan gari ko ƙabila, da rubutun yadda kunnensu ya ji: Musa ya zama Moussa, Audu ya zama Awudu. Ka gwada kowane salo, ka haɗa sunansa da garinsu. Idan akwai lambar yabo ko takardar soja a akwatin kakarka, lambar aikinsa ta fi suna saurin fito da shi.

Sai mun haye teku? Ba mu da irin waɗannan wurare a gida?
*Wata malamar jami'a, Rayfield, Jos*

Muna da su, Malama, alluna da 'yan jagora ne suka yi mana ƙaranci. Mafi kama da Hien Luong ita ce tsohuwar gadar Neja tsakanin Asaba da Anaca. Ta kanta sojojin Biyafara suka tsallaka yamma ranar 9 ga Agusta 1967, da suka ja da baya suka karya ta, kogin ya zama iyaka. A watan Oktoba runduna ta biyu ƙarƙashin Murtala Muhammad ta yi ta yunƙurin hayewa da jiragen ruwa, aka yi asarar rayuka masu yawa, Anaca ba ta faɗi ba sai Maris 1968, ta hanyar tudu. A Asaba kuma akwai wurin tunawa da fararen hular da aka kashe ranar 7 ga Oktoba 1967. Bahaushen da ya je can ya tafi da kunne, ya rage baki.

Gidan tarihin yaƙi na ƙasa yana Umuahia, an kafa shi a 1985. Akwai motocin sulken da Biyafara ta ƙera, da bam ɗin Ogbunigwe, da jirgin ruwan yaƙi NNS Bonny, da ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan rediyon Biyafara, sai maɓoyar Ojukwu a wani sashe na garin. Jirgi daga Abuja zuwa Owerri, sannan mota kimanin awa guda. Kada ki sa tafiyar ranar Litinin saboda zaman gida da aka saba yi a yankin, kada kuma dare ya same ki a hanya.

Mafi kusa da ke ita ce Burmi, kusa da Bajoga a jihar Gwambe, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da ɗaruruwan mabiyansa suka kwanta dama a hannun Turawa ranar 27 ga Yuli 1903, aka kuma kashe Manjo Marsh da ya jagoranci harin. Daga Jos ta Bauchi da Gwambe ake bi. Ki tambayi halin tsaron hanya a makon tafiyar, ki je da rani, ki fara sauka a ƙofar mai gari da goron gaisuwa, shi zai haɗa ki da dattijon da zai nuna miki kaburburan da inda ganuwar take.